KIƊA DA MAKAƊA: Abin Lura Kafin Sayen Jita Mai Lantarki Da Rakoda

Duk wanda ya saba ratsa layin masu sayar da kayan kiɗa a kasuwar Alaba ta birnin Ikko, ko kuwa kantunan Sabon Gari a Kano, ba zai rasa ganin wani saurayi tsaye a bakin kanti ba, hannunsa ɗaya cikin aljihu yana dafe da kuɗin da ya shekara yana tarawa, idonsa kuwa yana kan jitocin da aka rataye reras a bango. Wani kuɗin ɗinki ne, wani na ƙwadago, wani kuma amfanin gonarsa ya sayar ya taho. Abin tausayi shi ne da yawa daga cikinsu launi su ke saye da suna. Su zube kuɗin kaf a kan jita mai sheƙi, sa'an nan su koma gida ba amfilifayar kirki, ba rakoda, ba ko tsirkiyar canji. Kafin damina ta zagayo wuyan jitar ya kantare, ta koma ƙarƙashin gado, mai ita kuma ya ce kiɗa bai karɓe shi ba.

Wannan fili bai saba tallar kayan kowa ba, kuma sunayen da za a ambata nan gaba misali ne kurum don a gane bayani. Abin da a ke son mai karatu ya riƙe shi ne, kayan kiɗan da ya fi kyau shi ne wanda ya dace da hannun mai shi, ya kuma jure wa ƙura da zafi da rashin wutar inda za a yi aiki da shi.

Tarihin makaɗa ya isa shaida. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, wanda ba kome ba ne illa gwangwani da aka rufe da fata. A Jamhuriyar Nijar, Mdou Moctar ya fara koyon kiɗa ne da jitar da ya harhaɗa da kansa, katako da wayar birkin keke. Haka ma Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen, da gwangwani da sanda da wayar keke ya soma. A cikin 2008 Mdou Moctar ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka sa wa suna Anar, suka yi ta yawo daga wannan wayar hannu zuwa waccan a ƙasashen Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a faifan da ya fitar cikin 2011. Daga nan ƙofar Turai da Amurka ta buɗe masa. Hannu ne ya fara zuwa, sa'an nan ɗaukar sauti ta kai hannun inda ƙafa ba ta taka ba, jita mai tsada kuwa sai daga baya ta biyo.

YADDA JITAR KE AIKI

Ya kamata mai saye ya san abin da zai ba da kuɗinsa a kai. Jita mai lantarki ba ta da ƙoƙon da ke ƙara sauti irin na garaya ko molo. Gangar jikinta guntun katako ne ba rami. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida akwai abin da masu sana'a ke kira fikof, watau maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan aka taɓa tsirkiya ta yi rawa a kan maganaɗisun, sai ɗan ƙaramin lantarki ya taso a cikin wayar, ya bi igiya zuwa amfilifaya, ita kuwa ta kumbura shi ta miƙa wa lasifika. Saboda haka jita rabin kaya ce, amfilifaya ce ɗaya rabin.

An fara sayar da jita mai lantarki a Amurka cikin 1932, amma irin wadda aka sani yanzu ta samo asali ne daga Leo Fender, wani mai gyaran rediyo wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba. Cikin 1950 ya fito da wadda daga baya aka sa wa suna Telecaster, cikin 1954 kuma ya fito da Stratocaster. Kamfanin Gibson ya fitar da tasa, Les Paul, cikin 1952. Galibin jitocin da ke rataye a kantuna yau kwaikwayon waɗannan uku ne. Da ya ke Fender mai gyara ne, sai ya ɗaure wuyan jitarsa da kusoshi huɗu masu warwaruwa, yadda in wuya ya lalace za a kwance a sa wani. Wuyan Les Paul kuwa manne shi a ke yi da gam, in ya karye sai gwanin kafinta. Ga mutumin da ke zaune nesa da masu gyara, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Fikof iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, wanda sautinsa ke fita garau da kaifi, kowace tsirkiya a ji ta daban. Shi ne makaɗan Abzinawa da yawa suka fi so, Mdou Moctar ma Stratocaster ya ke riƙewa, ta bahagwai, domin shi bahago ne. Aibinsa guda, yana kwaso gurnanin wutar lantarki daga ƙwan fitila mai tsawo, da janareta, da wayoyin gidan da ba a haɗa su daidai ba. Na biyun shi ne mai naɗi biyu, wanda Gibson ya fara sa wa Les Paul cikin 1957. Naɗin biyu suna saɓa wa juna, sai gurnanin ya mutu, sautin kuma ya fito da kauri. Wanda yawancin wasansa a gidan biki ne da wutar janareta, ya yi tunani a kan wannan tun kafin ya shiga kanti. Akwai kuma jitocin da suka haɗa iri biyun a jiki ɗaya, alal misali Yamaha Pacifica 112, kuma irinsu sun fi dacewa da mai jita ɗaya tilo.

GWAJI A BAKIN KANTI

Cinikin biri a sama ba shi da daɗi, saboda haka kada a biya sai an riƙe jitar a hannu. Gwajin farko shi ne a kaɗa ta tun ba a jona ta da amfilifaya ba. Jitar kirki ko a haka a kan ji sautinta ya daɗe kafin ya mutu, a kuma ji katakon yana motsi a ƙirji. Na biyu, a ɗaga ta a hangi wuyan daga kai zuwa gindi, kamar yadda kafinta ke hangen katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, domin akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan wadda a ke juyawa a miƙe shi. Amma wuyan da ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, ba shi da magani mai sauƙi, sai a mayar wa mai kanti abinsa.

Na uku shi ne tazarar tsirkiya da wuya. A jikin wuyan akwai ƙananan ƙarafa da aka gitta, su ne ke raba sautuka. A daidai ƙarfe na 12, tazarar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfen ta kasance wajen milimita 2. In ta wuce haka da yawa yatsu za su sha wuya, mai koyo ya gaji ya bari. In ta gaza, tsirkiya ta riƙa goga ƙarfe tana zizar da za ta ɓata kiɗa. Na huɗu, a kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan a danne ta a ƙarfe na 12 a sake kaɗawa. Dole ne sautin ya zama shi ne dai na farko, sai dai ya fi shi sama. Manhajar saita tsirkiya da a ke saukewa a waya kyauta za ta nuna gaskiyar wannan. Daga ƙarshe a jona ta, a murɗa kowane maɓalli, a girgiza bakin igiya a raminsa. In an ji ƙaraf-ƙaraf ko sauti na ɗaukewa, to akwai datti ko sakakkiyar waya a ciki, sai a nemi ragi ko a nemi wata.

Nauyi ma abin dubawa ne. Les Paul ta kan kai kilo 4 ko fiye, wanda kuwa zai tsaya da ita a kafaɗa tun daga bayan isha'i har tsakar dare zai gane bambancin rabin kilo. Haka kuma jitocin da ke da ɗan hannun ƙarfe na girgiza sauti, in masu araha ne, ba su cika riƙe saiti ba. Mai farawa ya fi samun kwanciyar hankali da wadda gindin tsirkiyoyinta ke kafe.

Game da suna kuwa, manyan kamfanonin nan suna da ƙannensu masu sauƙin kuɗi, Squier na Fender ne, Epiphone kuma na Gibson. Jita mai ɗauke da ƙaramin suna na gaskiya ta fi wadda aka liƙa wa babban suna na ƙarya, jabu kuwa ya yi yawa a kasuwannin duniya. Idan aka ga farashi ya faɗi ƙasa warwas a kan babban suna, to a yi hattara. Jita ta hannu, wadda wani ya yi aiki da ita, ba abin ƙi ba ce muddin ta ci gwajin da aka zana a sama.

ƘASA DA YANAYINTA

Katako yana numfashi. A kudu, inda iska ke da laima, ya kan sha ruwa ya kumbura, tsirkiya kuma ta yi tsatsa cikin 'yan makonni. A arewa, da hunturu ya kama, sai ya bushe ya tsuke, har bakunan ƙarafan wuya su fito su riƙa yankar hannu. Jitar da aka saita daidai a Ikko cikin watan Agusta, in aka kai ta Katsina cikin Janairu, sai an sake saita ta. Wannan ba alamar an cuci mai saye ba ne, halin itace ke nan. Maganin abin shi ne jaka mai kauri ko akwati, da goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane wasa, da nisantar da jita daga rana. Barinta cikin mota a rufe da tsakar rana ya isa ya lalata ta. A kuma riƙa ajiye tsirkiyoyin canji ƙunshi biyu, domin ba a kantin kowane gari a ke samunsu ba.

Batun amfilifaya ya fi kowane haɗari. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Amfilifayar da aka shigo da ita ta hannu daga can, in aka jona ta kai tsaye ba tare da taransifoma mai rage ƙarfin wuta ba, nan take za ta ƙone. Sai a karanta rubutun da ke bayanta tukuna. Wutar janareta kuma tana hawa tana sauka, don haka sitabilaiza ba ƙawa ba ce. Abin da ya fi wannan muni shi ne cire ƙafa ta uku ta filogi, wadda ke kai ɓataccen lantarki ƙasa, ko cusa tsirarun wayoyi cikin soket da tsinken ashana. Tsirkiyoyin jita ƙarfe ne, kuma a haɗe su ke da jikin amfilifaya. Cikin 1972, a garin Swansea na Birtaniya, wani makaɗin jita mai suna Les Harvey ya taɓa makirufon da wuta ta zubo masa yana kan dandamali, ya mutu a gaban 'yan kallo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Amfilifaya mai ƙwayaye na gilashi a ciki tana da daɗin sauti, amma tana da nauyi, ba ta kuma son gargadar hanya. Mai taransisto ta fi jure wahala. Ƙarama mai wat 15 zuwa 30 ta isa koyo da wasan cikin ɗaki, in kuwa fili ne sai a kafa makirufo a gabanta a tura sautin cikin manyan lasifikokin taro. Ga wanda ke zaune inda wuta ba ta zama, akwai masu aiki da batir, kamar Roland Cube Street wadda ke cin ƙananan batura shida. Ƙaramar amfilifayar da ke tashi kullum ta fi ƙatuwar da ke jiran a kawo wuta.

RAKODA

Nan ne samari suka fi yin sakaci, nan ne kuma asarar ta fi girma. Marigayi Alhaji Mamman Shata ya rasu cikin 1999, kuma duk da ɗimbin waƙoƙinsa da ke hannun jama'a, da yawa sun iso wannan zamani ne a tsofaffin kaset da aka kwafa daga kwafi, muryar ta dushe, kalangu ya cuɗe da hayaniyar taro. Na makaɗan da ba su kai shi suna ba kuwa, wasu sun bi masu su kabari. Makaɗin yau ba shi da hujjar da zai bari haka ta same shi, domin abin da a dā sai a babban ɗakin ɗaukar waƙa, yanzu yana shiga aljihun riga.

Tun cikin 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio, rakoda mai ɗaukar layi huɗu a kan kaset na yau da kullum. Da irinta Bruce Springsteen na Amurka ya ɗauki faifansa Nebraska a ɗakin kwanansa cikin 1982. Marigayi Ali Farka Toure na Mali ya sa an kai kayan ɗauka har garinsu Niafunke, aka yi aikin da wutar janareta, faifan ya fito cikin 1999 da sunan garin. Tinariwen kuwa a cikin hamadar kudancin Aljeriya suka ɗauki Tassili, wanda ya ci kyautar Grammy cikin 2012. Ashe ke nan gini ba shi ne waƙa ba.

Hanyoyi uku ne a gaban mai ƙaramin ƙarfi. Ta farko wayar hannu, wadda ta isa a adana wani sabon salo kafin a manta shi, amma an gina ta ne don magana, da an buga ganga sai ta danne sauran sauti ko ta fashe. Ta biyu ita ce rakodar hannu. Ƙananan, irin su Zoom H1n da Tascam DR-05, makirufo biyu gare su a ka, ba su da ramin manyan makirufo. Manyan, irin su Zoom H4n wadda ta fito cikin 2009, da Tascam DR-40, suna da ƙarin ramuka biyu, watau za a iya ɗaukar murya daban, jita daban, sauran 'yan amshi da makaɗa kuma a makirufon kai. Ta uku ita ce ɗan akwatin da ke haɗa jita da makirufo da kwamfuta, irin Focusrite Scarlett, wanda ya dace da mai zama wuri ɗaya kuma mai samun wuta. Makaɗi mai yawon biki, rakodar hannu mai cin batir ta fi yi masa amfani.

Makirufo ma iri biyu ne. Akwai mai ƙarfin hali wanda ba ya bukatar wuta, irin Shure SM57 da aka fara yi cikin 1965, shi a ke kafawa dab da bakin amfilifaya, tazarar yatsu biyu ko uku. Akwai kuma mai tsananin ji wanda sai an ba shi bolt 48 daga rakoda, yana da kyau ga murya a ɗaki mai shiru, amma ƙura da laima abokan gabansa ne. Na farkon ya fi dacewa da mai makirufo ɗaya.

Sauran aikin na kunne ne da haƙuri. A saita rakoda ta ɗauka a tsarin WAV, domin MP3 yana zubar da wani sashe na sautin, abin da ya zube kuwa ba ya dawowa. A ma'aunin 48 kHz da bit 24, awa ɗaya ta layi biyu tana cin wajen gigabait 1, saboda haka katin memori mai gigabait 32 zai daɗe yana aiki, in dai ba jabu ba ne. A sa makaɗa su buga wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, a rage shigar sauti har ma'auni ya tsaya wajen lamba 12 ƙasa da sifiri. Sautin da ya yi ƙasa a kan ɗaga shi daga baya, wanda ya fashe kuwa sai dai a sake ɗauka. Sababbin rakodoji masu bit 32 sun rage wannan damuwa, amma ba su hana iska busa makirufo ba, don haka hular gashin da a ke rufa masa dole ce ga mai aiki a fili.

Ɗakin ƙasa mai tabarmi da katifu ya fi ɗakin siminti mai tayil da rufin kwano kyawun sauti nesa ba kusa ba, domin bangon siminti mayar da amo ya ke yi. A kashe fanka, a kai janareta nesa da doguwar waya, a zaɓi lokacin da unguwa ta yi tsit. Mai kalangu ko ƙwarya ya ja da baya, mawaƙi ya matso, a yi ta gwadawa ana saurare da abin ji na kunne har kowa ya sami gurbinsa. Da an gama, a kwafe aikin wuri biyu a ranar, a rubuta sunan waƙa da na makaɗa da gari da kwanan wata. In za a aika wa wani ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin saƙon murya matse sauti ya ke yi. A kuma yi yarjejeniya a rubuce tsakanin duk waɗanda suka sa hannu tun waƙar ba ta yi kuɗi ba, gama rabon da ba a yi da safe ba shi ke raba abokai da yamma.

RABON KUƊI

To, saurayin nan da aka bari tsaye a bakin kanti, yaya zai yi da abin da ke aljihunsa? Shawara ita ce ya kasa shi uku. Kashi ɗaya, ko ya ɗara kaɗan, na jita. Kashi ɗaya na amfilifaya da sitabilaiza. Na ukun kuma na rakoda, da igiyoyi biyu masu kyau, da jaka, da tsirkiyoyin canji, da ladan wanda zai saita masa jitar. In kuɗin bai kai ba, ya jinkirta rakoda ya lallaɓa da waya, amma kada ya taɓa kuɗin amfilifaya don ƙarin sheƙin jita. Ya kuma tafi kasuwa da wanda ya riga shi iya kiɗa, ya bar shi ya gwada, shi kuwa ya koma gefe ya kasa kunne. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai rai, wannan fili zai duba yadda a ke sa wa garaya da kukuma da gurmi makirufo ba tare da an ɓata musu murya ba.